Harsashin da Baba Ya Jira daga Doha

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara haɗa baƙi, akwai wata magana game da kakanku wadda ni da baffanku Isiya kaɗai muka san kanta. Shi Isiya ya rantse ba zai faɗa ba, kuma kun san shi, ko tabarya aka sa masa a baki ba za a ji ba. Ni kuwa ban rantse wa kowa ba, kunya ce kawai ta ɗaure mini baki shekara da shekaru. Yanzu gwiwa ta fara gardama, furfura ta gama cin gemu, na ga gara ku ji daga bakina. In za ku yi dariya ku yi, ni ma na yi, amma ku bari sai kun kai ƙarshe.

Gidanmu gidan maharba ne. Baba shi ne Sarkin Baka na garinmu, kamar yadda ubansa ya yi, kamar yadda kakansa ya yi, kuma ni ne ɗan fari, don haka tun ina goye aka gama yanke mini sana'a. Ina da kamar shekara goma sha uku ya ɗauke ni daji, ya miƙa mini bindigar nan ta gargajiya, harba-ka-ruga, ya nuna mini wani zabo da ke kiwonsa bai san da mu ba. Na runtse ido biyu, na ja kunama, abar ta yi ƙara ta naushe ni a kafaɗa. Ban tsaya ganin abin da ya sami zabon ba, na yar da ita na cika mata sunanta, ban tsaya ba sai ɗakin Inna, da takalmi ƙafa ɗaya. Baba ya dawo da yamma ɗauke da bindigar da takalmin. Bai zage ni ba, bai doke ni ba, da ya yi ɗaya cikinsu da na fi samun sauƙi. Washegari dai sai ya kira Isiya suka tafi. Da ma a al'adar gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, sai dai ya ce "kai", to ni har na girma na yi aure na haife ku ban taɓa gane inda kunyar ɗan fari ta tsaya ba, balle inda baƙin cikinsa ya fara.

Na yi ɗinki, na yi acaba, na sayar da kayan gwari, duk ba wanda ya zauna. Na haura arba'in kafin Allah ya haɗa ni da wani mai kai mutane Ƙatar aikin gadi. Aka ajiye ni a ƙofar wani dogon bene na ofisoshi a unguwar Mushairib cikin Doha, aka ba ni kaki, da hula, da usur, da rediyon oba-oba. Iyakar makamaina ke nan, don a can mai gadi ko gora ba ya riƙewa. Kwana kuwa a wani tsohon gida muke yi a Al Asmakh, mu shida a ɗaki. Wanda ke gadon da ke saman nawa sunansa Fuseini, mutumin zangon Kumasi ne, direban motar raba kaya. Hausa yake yi tsaf, sai dai a bakinsa kowa namiji ne, har uwarsa, kuma ba ya iya ganin mutum cikin damuwa bai tsokane shi ba.

Sai korona ta sauka. Gari ya yi tsit, jirage suka tsaya, kowa ya rufe hanci da takunkumi. Wata safiya shugaban masu gadi ya miƙa mini wata na'ura fara, mai mariƙi da kunama da ɗan gajeren baki, ya ce duk wanda zai shiga in ɗora masa a goshi in danna, in lambar ta yi ja kada in bar shi ya wuce. Abin auna zafin jiki ne, yanzu ko yaron goye ya san shi, amma a lokacin ni ma ban taɓa gani ba. Ranar Fuseini ya kawo kaya benenmu, ya tarar da ni na saita ta a goshin wani ƙaton Balarabe mai farar jallabiya, shi kuma ya tsaya ƙyam ya rufe ido yana jira. Nan take ya ɗauke mu hoto. Na tura wa uwarku don ta yi dariya, ita ta nuna wa Inna, Inna kuma ta kai wa Baba har zaure.

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Lambar Isiya ce, amma muryar Baba na ji. Tun da na bar gida bai taɓa cewa a kira masa ni ba, sai dai in na kira a kai masa mu gaisa.

"Kai," in ji shi. "Wagga aba da ke hannunka, bindiga ce?"

Wallahi gaskiyar tana kan harshena. Amma na ji wani abu a muryarsa wanda ban taɓa ji ba, irin yadda yake magana da Isiya in sun dawo da nama. Sai na ji bakina ya ce:

"Irin ta nan ce, Baba."

"Shi Balaraben mi ya yi maka?"

"Doka ce. Ba mai shiga sai na ɗora masa ita a goshi."

"Kowa da kowa?"

"Har mai benen. A wuni nakan ɗora wa mutum ɗari."

Ina jin numfashinsa, ina jin kukan akuyarmu a bayansa. Can ya ce:

"Ikon Allah. Ashe dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah shi yi maka albarka."

Na hau matattakalar bene inda ba kowa, na zauna na yi kuka kamar yaro, ga furfura a haɓata. Ku lura, a duk abin da na faɗa masa ba kalma ɗaya ta ƙarya, na zaɓi kalmomin ne yadda ɓarawo ke zaɓar inda zai taka. Wannan wayo na daɗe ina ba kaina haƙuri da shi, kuma bai hana abin zama ƙarya ba.

Kafin sati hoton ya zaga gari. Baba ya sa aka wanke shi babba aka kafa a zaure. Masu zuwa gaisuwa sai an nuna musu, a ce ga ɗan Sarkin Baka can ya tsare Larabawa da farar bindiga. Da abin ya tsaya nan, da na ci bulus. To amma a shekarar ne harsashi ya yi ɓatan dabo a ƙasarmu. Iyaka a rufe, kasuwanni a rufe, ga ɓarayin daji sun matsa wa ƙauyuka, maharban da suka saba bin gada da zomo su suka koma tsaron gari. Masu bindiga mai baki biyu suka rasa abin sa mata. Harsashi ɗaya ya kai kuɗin kaza, daga baya ko ka zo da kazar ba ka samu, masu sayarwa sun ɓoye suna jiran ya kai kuɗin akuya. Mutum in ya harba sai ya duƙa yana laluben kwanson a cikin ciyawa, ya kai gida ya sake ɗura shi, ya sake, har sai ya tsage. Darmar da ake narkawa ita ma ta ƙare, aka koma kan ƙusa da 'ya'yan boris na keke. Isiya ya ce mini ba keken da ya tsira a garin, liman kansa ya fito da asuba ya tarar da nasa a jingine, tayar gaba ba ta juyawa.

Sai Baba ya sake kira.

"Kai, ka ji halin da muke ciki. Cikin na wagga bindiga taka, ɗan tsakuro mana ko mudu guda ne."

Na ce ai babu jirgi. Ya ce za su jira jirgi. Na ce kafil, wato ubangidan da ya kawo mu, ƙirga su yake yi. Ya ce to ba sai masu rai ba, in tara musu kwanson waɗanda na harba, su sun san yadda za su yi da shi. Na ce ita wannan ba ta zubar da kwanso.

"Ba ta zubar da kwanso!" Na ji ya juya yana gaya wa mutanen zaure, aka ɗauki salati. Duk ƙofar da na buɗe don in fita, sai ta shigar da ni wani ɗakin.

Fuseini yana kwance a sama yana jin komai. Da na ajiye waya ya leƙo da kansa, ya kira ni masa, wato maigida a bakin 'yan Ghana.

"Masa, bindiga nan naka, ko sauro shi ba ya kashewa. Ka faɗi ma tsoho gaskiya, khalas, shi ke nan."

Na ce masa bai san Baba ba, kuma bai san abin da ake nufi da mutum ya shekara arba'in yana jiran albarka ɗaya ba. Ya ce to tunda na zaɓi hauka, ba zai bar ni in yi shi ni kaɗai ba. Ranar hutunmu ya raka ni wani kanti da ake sayar da kayan farauta, su hular shaho da safar hannu da tantuna. Na tattara ɗan Larabcin da na tsinta na tambayi mai kantin ko akwai harsashi. Mutumin ya cire tabarau ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce ina lasisi, ina katin zama, wane ne kafil ɗina, yana magana yana laluben wayarsa. Ban san lokacin da na isa bakin titi ba. Na waiwaya in ga ko Fuseini yana biye, ashe ya riga ni tsallakawa.

"Chale, abokina," in ji shi yana haki, "garin nan ko kwanso ɗaya an gani cikin aljihunka, kai da jirgi. Ni kuma Ghana ba ya jirana yanzu."

Bayan an sassauta kulle, wata Juma'a muka je bakin teku shan iska, muka tarar da wasu Indiyawa suna fatsa. Na ga ɗaya yana ɗaura wani ɗan dunƙule mai nauyi kusa da ƙugiyarsa don ta nutse. Na karɓa na duba. Darma ce zalla, doguwa, mai tsini a gaba, da 'yar ƙofa a tsakiya inda zare ke bi. Na dubi Fuseini, ya dube ni, ya ce shi dai ba ruwansa, amma ya san kantin da ake sayarwa. Na cika gwangwanin madara babba da ita, na cusa a tsakiyar atamfofin uwarku, na rubuta wa masu jigilar kaya cewa kayan kamun kifi ne, wanda kuma gaskiya ne, aka sa a jirgin ruwa. Na gaya wa Baba ga darma nan tafe, sauran sai a hankali.

Wata uku kaya suka isa. Baba ya tara maharba ya zazzage gwangwanin a kan buzu, kowa ya ɗauka yana jinjinawa. Da aka tambaye shi amfanin ƙofar da ke tsakiya, bai ko yi tunani ba ya ce don ta riƙa fito ne in ta tashi, abokin gaba ya ji ya firgita. Akwai wani masunci a garin, Ɗan'iro, mutum mai saurin baki, yana daga bakin ƙofa ya ce:

"Ranka shi daɗe, wannan ai irin darmar da muke ɗaura wa fatsa ce."

Isiya ya ce nan take Baba ya juyo kansa. Baba ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa Ƙatar. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe bindiga. Ya ce a'a. Baba ya ce to ya tsuguna ya nemi gafarata, ni da ba na nan. Bawan Allah ya cire hula ya tsuguna ya ba hotona haƙuri. Daga ranar darmar Ƙatar ta yi suna. Wasu sun narka sun ɗura, sun ce ta fi kowace darma shiga, wasu kuwa sun ƙi narkawa, suka kai wa baduku ya ɗinke musu a laya. Da Isiya ke ba ni labari na yi dariya har na riƙe ciki, amma abincin ranar bai wuce mini ba saboda Ɗan'iro.

Isiya ne ya fara gano ni. Ya je hedikwatar ƙaramar hukuma zai shiga banki, mai gadin ƙofa ya zaro na'ura irin tawa ya nufi goshinsa. Baffanku maharbi ne, jikinsa ya riga tunaninsa, ya murɗe hannun mutumin ya kai shi ƙasa, sai da jama'a suka taru aka yi masa bayani aka ba mai gadi haƙuri. Yana fitowa ya kira ni.

"Yaya, yau an harbe ni da irin bindigarka."

Na ce, "To, ya jiki?"

"An ce lafiyata ƙalau." Sai ya rage murya. "Samarin gari duk sun sani, Yaya. Ba dai wanda zai iya tunkarar Baba ne. Ni ma ba zan faɗa ba. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Na ce zan kwance, sai dai ina jiran lokacin da ya dace. Lokacin da ya dace kuwa na yi ta tura shi gaba kamar mai korar kaza, daga bayan azumi zuwa bayan babbar salla, daga nan na ce an hana fitar da komai sai an gama gasar ƙwallon duniya. A cikin watannin nan Baba yana kirana duk Juma'a. Yakan tambaye ni shawara kan rikicin maharba, kan auren ƙannena, har kan inda za a haƙa rijiya. Duk wanda ya ce da shi ne da tuni ya faɗi gaskiya, ina roƙon Allah kada ya jarrabe shi da irin wannan daɗin.

Ƙwallo ta zo, Doha ta cika ta batse. An daɗe da daina auna zafi, farar bindigata tana cikin wata durowa a ɗakin masu gadi. Kamfaninmu ya tura mu bakin tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, aka ba kowannenmu wani ƙaton hannu na soso mai yatsa ɗaya a miƙe, mu riƙa nuna wa baƙi hanya. Haka nake wuni ina kaɗa yatsan soso ina cewa yalla, yalla, ta nan. Fuseini kuwa ya sami abin yi, don Ghana ce ta hana ƙasarmu zuwa gasar, kullum sai ya rataya tutarsu a gadona ya ce in riƙe masa amana tunda ni ba ni da abin riƙewa.

Ana cikin haka Baba ya kira da wata murya mai daɗi. Ya ce Alhaji Mudi mai shagon taya zai zo kallon ƙwallo, ya yarda zai taho da saƙon. Ya ce ya riga ya yi wa maharba alkawari, kowa zai sami rabonsa. Sannan ya faɗi babbar maganar. Akwai wata fadama can bakin daji wadda mutanen gari suka bari shekara biyu saboda ɓarayi, ga yunwa ta fara leƙo gidaje. Ya ce an yanke shawara bana za a koma noman rani a can, maza da samari, maharba za su tsare su, tunda harsashin Ƙatar na tafe. Ya ce shi da kansa zai shige gaba.

Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, ina tsaye da yatsan sosona sai na ji an dafa ni. Alhaji Mudi ne, da babbar riga da 'yar jaka. Ya dubi yatsan, ya dube ni, ya ɗauka ɓad-da-kama nake yi, har ya kashe mini ido. Ga 'yan sanda biyu tsaye ba su fi taku uku da mu ba, ya matso kunnena, da irin raɗar Alhaji Mudi da ake ji a ƙetaren titi ya ce:

"Ina harsasan? Na zo da jakar da ba a bincikawa."

Na toshe masa baki da yatsan soson gaba ɗaya. Allah ya taimake ni 'yan sandan ba sa jin Hausa, ɗaya har ya yi dariya ya ɗauka wasa muke. Na nuna wa Alhaji hanyar jirgi na ce zan neme shi. Amma a tsayen nan na gama sanin cewa ramin ƙarya ya ƙure. Mutum talatin ko fiye za su shiga bakin daji da kwanson da ya sha ɗuri har ya gaji, suna dogara da abin da babu shi, kuma tsohon da zai shige gabansu ubana ne.

Da na tashi aiki na bi ta benenmu na ɗauko na'urar a durowa. Na zauna a bakin gadona bayan la'asar, Fuseini ya kori sauran 'yan ɗakin ya tsaya a ƙofa. Na kira Isiya ta bidiyo na ce ya kai wa Baba, ya kuma tabbata ba kowa a zauren. Fuskar Baba ta cika wayar, Inna tana leƙe ta kafaɗarsa. Na ɗaga abar na nuna masa.

"Ita ce, Baba."

"Na gane ta. Masha Allah."

Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ɗora ta a goshina na danna. Inna ta ƙwalla ihu ta zube, Baba ya miƙe tsaye har wayar ta kuɓuce wa Isiya, na ga rufin zaure yana juyawa. Ita kuwa abar ta ce ɗit, ta nuna koren lamba. Da aka daidaita wayar Baba ya ga ina zaune da kaina a wuyana.

"Ta ƙi tashi?"

"Ta tashi, Baba. Iyakar tashinta ke nan. Ba bindiga ba ce. Abin likita ne, zazzaɓi take aunawa. Ba ta cin harsashi, ni ma ban taɓa riƙe harsashi a ƙasar nan ba, kuma babu wanda zai zo. Kada ku shiga fadamar nan."

Ya koma ya zauna a hankali. Ya dube ni ya ce:

"Darmar fa?"

"Ta masunta ce."

"Ashe Ɗan'iro gaskiya ya faɗa."

"Gaskiya ya faɗa."

"Tun ranar farko ka san haka?"

Na ce na sani. Na so in ce masa don me, in ba shi labarin zabon nan da takalmin, amma ya riga ni. Ya miƙa wa Isiya wayar ya ce ya kashe, kada kati ya ƙare. Fuseini ya zo ya zauna kusa da ni, ranar farko da na ga bakinsa a rufe. Juma'ar da ta biyo wayata ba ta yi ƙara ba.

Isiya ne ya kira ranar Asabar ya gaya mini abin da ya faru. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a Baba ya tara maharba da dattawan gari a ƙofar gida, ya sa aka kira Ɗan'iro, ya fara ba shi haƙuri a gaban kowa. Sannan ya ce maganar fadama a dakata, babu harsashin da ke zuwa. Aka fara gunaguni, wani ya ce ashe ɗan nasa maƙaryaci ne. Baba ya ɗaga hannu.

"Yaron bai yi ƙarya ba. Tun ranar farko ya ce mini abin likita ne, darmar ma ya ce ta masunta ce, ni na ƙi ji. Idona ya nuna mini bindiga, na bi idona. To maharbin da idonsa ba ya raba bindiga da abin awon zazzaɓi, bai kamata shi ja mutane daji ba."

Ya shiga ciki ya fito da gatarin sarauta da rigar layu, ya ajiye a kan buzu. Dattawa suka yi ta ba shi baki ya ƙi. Da aka zauna zaɓe, wasu suka ce gidan da ya ja gari ya kusa shiga halaka ya ɗan huta, aka ba wani gidan maharba, gidan Tanko, sarautar. Abin da ya sa ke nan baffanku Isiya, wanda ba a yi maharbi kamarsa ba a zamaninmu, bai gaji ubansa ba, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce ni na jawo masa ba. Ku kuma kuka tashi kuna jin ana cewa kakanku ciwon ido ne ya sauke shi. Ba abin da ya sami idon kakanku. Har ya koma ga Allah, in ba baƙo a gidan, shi ke zura wa Inna zare a allura. Amma da ya fita ƙofar gida sai ya riƙe sanda, ya riƙa lalube, in an gaishe shi ya ce wa ke magana. Shekara shida yana wannan wahala don kada a kira ɗansa maƙaryaci.

Na dawo gida bayan ƙwallo da wata biyar, kwangilata ta ƙare ban nemi sabuntawa ba. Mota ta sauke ni a bakin kasuwa, na ratso filin makaranta da jakata a ka. Tsakanin filin da ƙofar gidanmu akwai nisa, mai lafiyar ido ma sai ya ƙura kafin ya gane mutum. Baba yana zaune a dakali cikin dattawa. Ina sako ƙafa a filin na ga ya zabura ya miƙe, sandar ta faɗi, har ya yi taku biyu. Sai ya tuna. Ya koma ya zauna, ya duƙa yana laluben sandar a ƙasa, ya jira har na iso na durƙusa a gabansa.

"Wa ke nan?" ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Ni ne, Baba."

Ya miƙo hannu yana shafa iska kamar bai san inda nake ba, har ya sami kaina. Ya riƙe shi da ƙarfi, ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ka rame, Haladu."